Kama da Wane Ba Ta Wane: Kalmar “Molesto” da Ɓarnar Fassarar Shaci-Faɗi

Harshen Sifaniyanci ba ya cikin darussan da ake koyarwa a makarantun gwamnati na Jihar Kano, amma duk da haka kalmominsa suna shiga garuruwa irin su Kafin Dafga da Ƙaraye da Rogo kusan kullum, ta allon wayar hannu da ta gidajen kallon ƙwallo, inda matasa suka rabu gida biyu tsakanin Real Madrid da Barcelona, suna bin labarin 'yan wasa tun daga filin atisaye har ɗakin likita. Jaridun wasanni na ƙasar Sifaniya, wato Marca da AS da ke fitowa a Madrid, da Mundo Deportivo da Sport da ke fitowa a Barcelona, su ne tushen da yawa daga cikin waɗannan labarai, kuma hotunan kanun labaransu kan riga kowace kafa ta Hausa isa Facebook da WhatsApp. A cikin waɗannan kanun akwai kalmar da take yawan maimaituwa, “molesto”, tare da 'yan uwanta “molestar” da “molestias”, kuma ita ce take jefa wanda ya ɗan taɓa karatun boko cikin mummunan kuskure, domin da zarar idonsa ya faɗa kanta sai ya tuno kalmar Ingilishi ta “molest”, wadda a yau aka fi sani da ma'anar yin lalata da mutum ba da son ransa ba, musamman ƙaramin yaro, daga nan sai ya yanke hukuncin cewa an kama ɗan wasa wane ko koci wane da aikin assha, ya kuma kama yaɗawa. Wannan ɗabi'a ta fassara da ka, ba a buɗe ƙamus ba, ba a tambayi wanda ya sani ba, ta yi yawan da ya kamata a yi mata magana, ko da kuwa kalmar da aka ɗauko misali da ita ta wani harshe ce mai nisa.

“Molesto” sifa ce, wato kalmar da ke bayyana halin suna, kuma ma'anarta ba ta wuce biyu ba: abin da yake damun mutum ko yake takura masa, da kuma mutumin da aka dama har ransa ya ɗan ɓaci. Ana ƙarfafa gaɓar tsakiya wajen furta ta, tana kuma sauya ƙarshenta gwargwadon jinsi da adadi, yadda Hausa ke cewa dogo da doguwa da dogaye, sai a ce “molesto” ga namiji, “molesta” ga mace, “molestos” da “molestas” ga jam'i. Aikatau ɗinta shi ne “molestar”, damu ko takura, sunanta kuma “molestia”, damuwa ko 'yar wahala. Abin da ke cikin ƙamus ɗin hukumar kula da harshen ta ƙasar Sifaniya ke nan, wadda aka kafa tun 1713, kuma babu maganar lalata a ciki.

Kamannin da ke tsakanin kalmar Sifaniyanci da ta Ingilishi yana da dalili, domin asalinsu ɗaya ne. A harshen Latin na tsohuwar daular Rum akwai kalmar “moles”, wadda ke nufin babban nauyi ko tulin abu mai wuyar ɗagawa, daga gare ta aka samar da “molestus”, abin da ya yi wa mutum nauyi ya gajiyar da shi. Sifaniyanci, da yake shi kansa daga Latin ya tsiro, ya riƙe kalmar da ma'anarta ta fari har yau. Ingilishi kuwa ta hannun Faransanci ya karɓe ta wajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma ya shafe ɗaruruwan shekaru yana amfani da ita da ma'anar damun mutum ko tsangwamarsa, kafin a ƙarni na 20 kotuna da jaridu su mayar da ita mayafin da ake rufa wa laifin da ake jin nauyin ambata. Abin da ke faruwa ga duk kalmar da aka sakaya zance da ita shi ne ya same ta, wato ta ɗauki warin abin da aka rufe da ita har ma'anarta ta asali ta dusashe. Hausa ma ta san wannan, tunda “bayan gida” da farko sunan wuri ne kawai a bayan ɗakuna, amma yau ba mai ambata shi a gaban suruki ba tare da ya yi ƙasa da murya ba. Saboda haka kalmomin biyu tamkar 'ya'yan uba ɗaya ne da aka ba da su riƙo garuruwa daban-daban, fuska ta zo ɗaya, tarbiyya ta bambanta.

Wani abin da ya kamata ya sa mai saurin yanke hukunci ya ja birki shi ne, ko a cikin Ingilishin da ake yi a Najeriya tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Sanarwar 'yan sanda gabanin zaɓe ko bukukuwan salla takan ce jama'a su ci gaba da harkokinsu ba tare da tsoron “molestation” ba, kuma kowa ya san abin da ake nufi shi ne tsangwama da cin zarafi a kan hanya. Mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatu da Faransanci shi kuma wata ma'ana ta uku ya sani, domin “molester” a Faransancin yau na nufin a cakumi mutum, a ture shi, ko a lakaɗa masa duka, yadda ake ba da labarin ɗan jaridar da aka ci wa mutunci a wurin zanga-zanga. Harsuna uku, saiwa ɗaya, ma'ana uku, kuma ta Sifaniyanci ita ce mafi sauƙi a cikinsu. Wanda ya ɗauki mafi munin ukun ya ɗora wa mafi sauƙinsu ya yi zalunci ga harshen, ya kuma yi ga mutumin da ake magana a kansa.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin yadda masu harshen suke sarrafa kalmar a bainar jama'a. A ƙofar ɗakin otal a Madrid ko Meksiko ana rataya ɗan kati mai rubutun “No molestar”, wato kada a dami na ciki. Inda ake gyaran titi ko aka rufe wani sashe na asibiti ana kafa allo mai cewa “Disculpen las molestias”, a yi haƙuri da takurar da aka jawo. Baƙon da yake son buɗe taga a mota yakan tambayi na kusa da shi “¿Le molesta si abro la ventana?”, ko zai dame shi in an buɗe, wanda kuma aka tashi za a kawo masa ruwa yakan ce “No se moleste”, daidai da yadda Bahaushe ke cewa kada ka wahalar da kanka. Uwa tana ce wa ɗanta “No molestes a tu hermana” idan yana tsokanar ƙanwarsa tana karatu, sauro da ƙuda da ƙarar janareta duk ana kiransu “molestos”. Kalmar da ake rubutawa a allon gwamnati, ake koya wa yaro ɗan shekara uku, ake kuma nuna ladabi da ita ga dattijo, ba za ta zama kalmar batsa ba, kuma wanda ya nace a kan haka sai ya yi bayanin dalilin da zai sa hukumar birni ta nemi afuwar mutane a kan lalata alhali kwalbati take gyarawa.

A fagen ƙwallo, inda kuskuren ya fi yawa, amfanin kalmar kashi biyu ne. Na farko shi ne jin haushi, kamar a rubuta cewa ɗan wasa yana “molesto con el entrenador”, wato yana jin haushin koci, galibi don an cire shi ana tsaka da wasa ko an bar shi a benci, ko kuma ƙungiya tana “molesta por el arbitraje”, ba ta ji daɗin alƙalancin wasa ba. Ƙaramar kalmar “con” tana nuna wanda ake jin haushinsa, “por” kuma tana nuna dalili. Na biyu shi ne na sanarwar likitocin ƙungiya, inda “molestias” ke nufin ɗan ciwon da bai kai rauni ba, irin wanda ɗan wasa zai ji cinya ta ɗaure ko gwiwa tana masa tsami, a hutar da shi wasa ɗaya ko biyu don gudun kada abin ya girma. Idan abu ya yi tsanani wasu kalmomi ake ɗaukowa, “lesión” ga rauni, “rotura” ga tsinkewa ko karaya. Lokacin da Umar Sadiq, ɗan Kaduna, ya ji mummunan rauni a gwiwa a watan Satumba na 2022, bai daɗe da komawa Real Sociedad daga Almería ba, maganar “rotura” aka yi, ta jijiyar da ke riƙe gwiwa, kuma raunin ya raba shi da fili har ƙarshen kakar. Mai bin labarin ƙwallon Sifaniya da ya san wannan bambanci ya san cewa ganin “molestias” kusa da sunan gwaninsa labari ne mai ɗan sauƙi, sai ga shi wanda bai sani ba ya mayar da ciwon cinya abin kunya.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta nahawu da take juya ma'anar jimla gaba ɗaya. Sifaniyanci yana da aikatau biyu na kasancewa, “ser” da “estar”, na farko ga halin da aka san abu da shi, na biyu ga yanayin da yake ciki a wani lokaci. In aka ce “es molesto” ana nufin mutumin mai damun mutane ne, fitinanne ne, in kuwa aka ce “está molesto” ana nufin shi ne aka ɓata wa rai. Bambancin da ke tsakanin mai ban haushi da mai jin haushi ke nan, kuma ƙananan haruffa ne suka raba su, waɗanda mai fassara da ka ba ya ko kallo.

To idan da gaske laifin lalata ake magana a kai, Sifaniyanci yana da kalmominsa, kuma ba ya ɓoye su. Ana cewa “acoso sexual” ga matsa wa mutum da neman lalata, “abuso sexual” da “agresión sexual” ga aikata ta ba da yarda ba, “violación” ga fyaɗe. A 2022 majalisar Sifaniya ta yi dokar da ta haɗe “abuso” cikin “agresión”, ta mayar da yardar mutum ita ce ma'auni. Shari'ar Luis Rubiales, tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, ta nuna yadda ake amfani da waɗannan kalmomi a aikace: bayan ya sumbaci 'yar wasa Jenni Hermoso a wurin ba da kofin duniya na mata a Sidni ranar 20 ga Agusta 2023, an gurfanar da shi, kuma a watan Fabrairu na 2025 kotu ta same shi da laifin “agresión sexual” ta ci shi tara. Sunan laifin a takardar kotu da kanun jaridu ke nan, babu wanda ya kira shi “molestia”. Sai dai adalci ya wajabta a ƙara da cewa mace tana iya cewa “ese hombre me está molestando”, mutumin can yana damuna, alhali tana nufin yana bin ta da maganganun banza ko yana kai mata hannu, kamar yadda yarinya a nan za ta ce wane ya dame ta saboda kunyar faɗin abin da ya yi. A irin wannan hali mahallin magana ne ya ɗauki nauyin ma'anar, kuma abin da ya dace shi ne a saurare ta a tambayi abin da ya faru, domin kalmar ita kaɗai ba ta tabbatar da laifi, ba ta kuma wanke kowa.

Masana harshe suna kiran kalmomi irin “molesto” da “molest” abokan ƙarya, sunan da wasu Faransawa biyu, Maxime Koessler da Jules Derocquigny, suka raɗa musu a littafin da suka fitar a 1928, kuma ana nufin kalmomin harsuna biyu da suka yi kama a ido ko a kunne amma suka saɓa a ma'ana. Tsakanin Sifaniyanci da Ingilishi suna da yawa, tunda “embarazada” mai juna biyu ce ba mai jin kunya ba, “constipado” kuma mai mura ne. Har tsakanin Sifaniyanci da Hausa akwai su, saboda duka biyun sun sha daga Larabci. Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya, wato Andalus, daga 711 zuwa 1492, suka bar wa Sifaniyanci dubban kalmomi, cikinsu har da “alcalde”, wadda ta fito daga kalmar Larabci ɗaya da ta ba Hausa “alƙali”. Amma “alcalde” a yau shugaban birni ne da ake zaɓa, ba ya zaman kotu, ba ya raba gado, kuma Bahaushen da ya kai masa ƙarar bashi ya ɓata tafiyarsa. Kalmar “fitina” ma haka take, domin a Larabci tana ɗauke da nauyin jarrabawa da tashin hankalin al'umma, a bakin uwa Bahaushiya kuwa ɗan da ya hana ta tuƙa tuwo da rigima shi ne mai fitina. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ana yi wa ɗalibi faɗa idan ya fassara kalmar Larabci da ma'anar da Hausa ta ba ta, don haka abin mamaki ne a ga mutumin da ya san wannan ladabi a karatun littattafai yana watsar da shi da zarar ya riƙe waya.

Abin da ya fi ɓata rai a lamarin shi ne yadda ake ɗaukarsa wasa. Jingina wa mutum lalata ba tare da hujja ba shi ne ƙazafi, wanda aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke wa mai yin sa bulala tamanin idan ya kasa kawo shaidu huɗu, aya ta 6 ta Suratul Hujurat kuma ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi don kada a cuci mutane cikin jahilci. Yara na haddace waɗannan ayoyi a Islamiyya, amma babba mai gemu zai tura hoton jaridar da bai iya karanta ko layi ɗaya a cikinta ba zuwa zaurukan WhatsApp goma, ya rubuta a ƙasa cewa asirin wane ya tonu, don kawai wanen yana buga wa ƙungiyar da ba ya so. Cewa mutumin yana can Madrid, ba ya jin Hausa, ba zai taɓa sanin an faɗa ba, ba ya mayar da ƙarya gaskiya, balle ma da yawa daga cikin 'yan wasan nan Musulmi ne masu iyali. Kuma harshen da ya saba da yi wa na nesa ƙage ba ya daɗewa yake juyowa kan maƙwabci. Mafi yawan masu wannan aiki ba jahilai ba ne tuburan, masu rabin sani ne, waɗanda 'yan majalisarsu suka ɗauka a matsayin masu jin Turanci, su kuma suke jin nauyin cewa ba su sani ba, sai su gwammace su ƙirƙiro.

Kuskuren kalma ɗaya ya taɓa jawo abin da ya fi ɓata suna. A 1980, a jihar Fulorida ta Amurka, an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume, danginsa masu jin Sifaniyanci suka ce yana “intoxicado”, suna nufin ya ci ko ya sha wani abin da ya gurɓata masa ciki, ma'aikata suka fahimce ta da ma'anar kalmar Ingilishi mai kama da ita, wato ya bugu da ƙwaya, aka yi ta yi masa maganin abin da ba shi ne ke damunsa ba alhali jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya tashi hannuwa da ƙafafu sun shanye, aka ƙare da biyan diyyar miliyoyin daloli. A watan Oktoba na 2017 kuma 'yan sandan Isra'ila suka kama wani Bafalasɗine ma'aikacin gini bayan na'urar fassara ta Facebook ta juya gaisuwar safiya da ya rubuta da Larabci ta koma kiran a kai hari, kuma ba a nemi mai jin Larabci ya duba rubutun ba kafin a kama shi.

Akwai wasu dalilan da ke taimaka wa kuskuren, kamar raunin koyar da harsuna a makarantu da shafukan da ke cin abinci da kanun labarai masu tayar da hankali, amma gyaran waɗannan ba ya hannun mai karatu.

Abin da ke hannunsa yana farawa ne da gane harshen da ke gabansa, domin da yawa ba su ma lura cewa ba Ingilishi suke kallo ba. Sifaniyanci yana da alamomin da ba sa ɓuya: harafin ñ mai ɗan lanƙwasa a ka, alamar tambaya da ta motsin rai da ake kifawa a farkon jimla, da ƙananan kalmomi irin su “el”, “la”, “los”, “que”, “con” da “por” da ke cika kowane layi. Da zarar an ga waɗannan, sai a ajiye Ingilishin da aka sani a gefe, a ɗauka cewa duk kalmar da ta yi kama da wadda aka sani abar zargi ce har sai an tabbatar. Daga nan sai a dubi abin da ke kewaye da kalmar. Idan “molestias” ta zo tare da sunan wata gaɓa, kamar “muslo” cinya, “rodilla” gwiwa, “tobillo” idon sawu, ko “espalda” baya, to maganar ciwo ake yi. Idan “molesto” ta zo da “con” da sunan mutum, jin haushi ne. Idan kuwa babu ɗaya daga cikin kalmomin da ke rakiyar labarin laifi, irin su “denuncia” ƙara, “detenido” wanda aka kama, “juez” alƙali, da “fiscalía” ofishin mai gabatar da ƙara, to babu wani laifi a labarin, domin jarida ba ta ɓoye tuhumar shahararren mutum a cikin sifa guda.

Na'urar fassara tana da amfani ga wanda ya iya riƙe ta. Google Translate ya saka Hausa tun ƙarshen 2013, kuma a mafi yawan lokuta yana fassara wannan kalma daidai idan aka ba shi cikakkiyar jimla, inda yake tuntuɓe shi ne idan aka tsinko masa kalma ɗaya ko rabin kanu. Don haka a kwafi sakin layin gaba ɗaya a zuba masa, kuma kada a tsaya a fassarar Hausa kaɗai, tunda irin waɗannan na'urori sukan bi ta Ingilishi kafin su iso Hausa, kuskuren da aka yi a zangon farko kuma yakan ninka a na biyu. Wanda ya yi karatun Larabci yana da wata hanyar gwaji da ɗan boko zalla ba shi da ita, wato ya juya jimlar zuwa Larabci, in ya ga “munza'ij” ya san mai jin haushi ake nufi, in ya ga “muz'ij” ya san mai damun mutane ne. In fassarori biyu suka saɓa wa juna, alama ce ta a dakata. Dakatawar kuma ba ta da tsada, domin labarin da yake gaskiya kuma mai girma, sashen Hausa na BBC ko na RFI ko na DW ko jaridar Aminiya za su kawo shi kafin gari ya waye, wanda kuwa aka kwana biyu ba a ji shi a ko'ina ba sai a zauren WhatsApp ya riga ya bayyana kansa.

Masu shafukan labarin wasanni da Hausa suna da nauyi na musamman, domin su ake karantawa a gidajen kallo, kuma Hausa ba ta gaza ba su kalmomi ba. Ɓacin rai hawa-hawa ne a harsunan biyu, kuma aikin mai fassara shi ne ya ajiye kowace kalma a matakinta. “Molesto” tana daidai da jin haushi ko rashin jin daɗi, “enfadado” da ake faɗa a Sifaniya da “enojado” da aka fi faɗa a Latin Amurka su ne fushi, “furioso” shi ne wanda ya harzuƙa, “harto” wanda ya ƙosa, abu ya kai masa iya wuya, “pesado” kuma, daga kalmar nauyi, shi ne mutum mai naci da gundura wanda in ya zauna ba ya tashi. A wasu ƙasashe kamar Peru da Benezuwela “molesto” takan yi zafi ta kai matsayin fushi sosai, don haka yana da kyau a san ƙasar da jaridar ko mai maganar ya fito. Rubuta cewa ɗan wasa ya fusata alhali jaridar cewa ta yi bai ji daɗi ba, shi ma ƙari ne a kan magana, ko da bai kai ƙazafi ba. Wanda kuma ya riga ya wallafa kuskure, gogewa a ɓoye ba ta wadatar, sai ya fito a wurin da ya yi ɓarnar ya ce fassarar ba daidai ba ce, tunda waɗanda suka ɗauka sun riga sun kai gaba. Shugaban zauren WhatsApp da mai gidan kallo su ma suna da ikon tambayar mai kawo labari inda ya samo shi da wanda ya fassara masa, kuma wannan tambaya kaɗai ta isa ta kashe rabin jita-jitar da ake yi kafin a take wasa.

Sai matafiya, waɗanda su ne kuskuren zai iya shafa a jikinsu. Sifaniyanci shi ne harshen gwamnati a ƙasashe 20, masu magana da shi tun daga haihuwa sun kai kimanin miliyan 500, kuma ɗaya daga cikin ƙasashen tana nan kusa, wato Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami 'yancin kai daga Sifaniya a 1968. Tsibirinta na Fanando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko, shi ne “Panya” da dubban 'yan Najeriya, mafi yawansu daga kudu maso gabas, suka riƙa zuwa aikin gonakin koko ƙarƙashin yarjejeniyar 1942, har zuwa tsakiyar shekarun 1970 da aka kwaso su, kuma Hausawa 'yan kasuwa sun daɗe da zama a biranen ƙasar na Malabo da Bata. Ga wanda ya je can ko ya je Sifaniya kanta, kuskuren yana iya zuwa ta fuska biyu. Idan maƙwabci ya ce masa “me molesta el ruido” ba zarginsa yake da komai ba, ƙara ce ta dame shi, rage sautin rediyo ya wadatar, tashi da faɗa kuwa shi zai jawo 'yan sanda. Idan likita ya danna masa ciki ya tambaya “¿Le molesta?” yana son sanin ko wurin yana ɗan damunsa, in kuwa ciwon mai tsanani ne sai ya ce “me duele mucho”, yana yi mini ciwo ƙwarai, don kada a rubuta masa ƙaramin abu a sallame shi da ƙwayar rage zafi.

Fuska ta biyu ta fi haɗari, kuma mata ta fi shafa. Wadda aka ci wa zarafi da gaske, idan ta ɗauko kalmar Ingilishi ta sa mata ƙarshen Sifaniyanci ta ce wa ɗan sanda wane ya yi mata “molestar”, abin da zai ji shi ne an dame ta, kuma yana iya rubuta ƙarar a matsayin saɓanin maƙwabta. Abin da ya kamata ta faɗa shi ne “agresión sexual”, ko ta bayyana abin da aka yi mata filla-filla ta bakin tafinta. Dokar Sifaniya ta ba wanda aka kama haƙƙin a kawo masa tafinta kyauta idan ba ya jin harshen, haka ma wanda ya zo shigar da ƙara, kuma ya kamata mutum ya faɗi harshen da ya fi iyawa tsakani da Allah, ko da Hausa ce, maimakon ya amsa cewa yana jin Ingilishi don kada a raina shi. Kafin ya sa hannu a kan takardar bayaninsa, ya nemi a karanta masa ita layi-layi cikin harshen da ya zaɓa, ya kuma tsaya a kan kalmar da aka kira abin da ya faru da ita, domin da wannan takarda alƙali zai fara aiki.